Ɗan Manomin Da Ya Tono Magani Daga Funfunar Shinkafa

 

A ƙasar nan tamu ta Gana da wuya a sami wanda bai taɓa jin sunan Noguchi ba, musamman tun daga shekarar 2020 da annobar korona ta shigo, lokacin da kusan kullum sai rediyo ya ambaci sakamakon awon da aka yi a Noguchi. Wasu daga cikinmu sun ɗauka sunan wata unguwa ce a Legon, wasu kuma suna zaton sunan na'ura ne. To, sunan mutum ne. Hideyo Noguchi likita ne mai bincike, mutumin Japan, wanda ya sauka a babban birninmu Ankara cikin 1927 domin ya gano asalin zazzaɓin shawara. Cutar da ya zo farauta ita ta kama shi, ya rasu a nan cikin watan Mayu na 1928 yana da shekara 51. Cibiyar binciken da ke Legon gwamnatin Japan ce ta gina ta don tunawa da shi, aka buɗe ta a 1979.

Ba tarihin Noguchi zan ba ku yau ba. Na kawo shi ne saboda shekara biyar bayan rasuwarsa, a ranar 14 ga Nuwamba 1933, an haifi wani yaro a gidan manoma a lardin Akita, can arewacin Japan inda dusar ƙanƙara ke rufe gonaki da hunturu. Sunan yaron Akira Endo. Shi da kansa ya rubuta cewa tun yana ɗan shekara 10 burinsa ya zama mai bincike kamar Noguchi. Wannan yaro shi ne ya gano kakan ƙwayar maganin nan da ake ba iyayenmu a Korle Bu da Komfo Anokye da asibitin Tamale idan likita ya ce maiƙo ya yi yawa a jininsu. Miliyoyin mutane a duniya suna haɗiyar wannan ƙwaya kowane dare, amma in ka tsayar da mutum ɗari a cikinsu, ban tsammani biyu za su san sunansa.

Malaminsa na farko kakansa ne, wani dattijo mai sha'awar harkar magani, wanda yakan nuna masa tsire-tsire da laimar kwaɗi iri-iri. A ƙasarsu akwai wata laimar kwaɗi da mutane ke ci lafiya lau, amma ƙuda in ya lasa sai ya mutu. Wannan abu ya tsaya wa yaron a rai: yaya abu guda zai zama abinci ga wani, guba ga wani? Da ya shiga Jami'ar Tohoku, ba sashen likitanci ya shiga ba, sashen aikin gona ya shiga, ya kammala a 1957. A can ne ya karanta tarihin Alexander Fleming, mutumin da ya gano fenisilin daga funfuna a 1928. Bari in ɗan tsaya nan in yi magana da iyayen yara. Duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito aka tura yaro ya karanta aikin gona a sakandare, sai ka ga uba ya zo makaranta ransa a ɓace, wai an mayar masa da ɗa baya, shi likita yake so. Endo bai taɓa zama likitan da ke duba marar lafiya ba, amma likitocin zuciya na duniya kaf da abin da ya tono suke aiki.

Aikinsa na farko a kamfanin magunguna na Sankyo da ke Tokiyo ma ba shi da alaƙa da zuciya. An sa shi ya nemo wani sinadari daga funfuna wanda zai tace ruwan 'ya'yan itace ya fita garau babu gurɓi. Ya nemo, kamfani ya sami riba, aka saka masa da tafiya ƙaro ilmi. Daga 1966 zuwa 1968 yana Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein a birnin Niyok na Amurka. Abin da ya gani a titi ya fi abin da ya gani a ɗakin bincike girgiza shi: tsofaffi masu ƙiba ko'ina, ga motocin asibiti suna ta jiniya suna kwasar waɗanda zuciyarsu ta buga. A Japan ta wancan zamani ba ciwon zuciya ne kan gaba wajen kisa ba, amma ya lura cewa cimar mutanensu ta fara canzawa, kuma abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fahimci wannan abu da likitoci ke kira kolestarol, domin akwai ruɗani mai yawa a kansa a zangunanmu. Wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma. Ba guba ba ne. Duk ƙwayar halittar da ke jikinka da shi aka yi mata bango, da shi jiki ke haɗa ruwan madaciya mai narkar da kitse, da shi ake haɗa sinadaran da ke bambanta namiji da mace. In babu shi babu rai. Tun da maiƙo ba ya gauraya da ruwa, jini na ɗaukarsa ne cikin wasu 'yan ƙunshi, waɗanda a takardar awo za ka ga an rubuta su da haruffa. Mai haruffa LDL shi ke kai kaya daga hanta zuwa sassan jiki, kuma shi ne mai ɓarna idan ya yi yawa. Mai haruffa HDL shi ke kwaso ragowa ya mayar hanta.

Sau da yawa nakan ji ana kwatanta abin da kwata, wai kamar yadda shara ke cushe kwatocin Nima haka kitse ke cushe jijiya, don haka sai a sha wani abu a wanke. Wannan kwatance bai dace ba, kuma shi ne jarin masu tallar magani. Maiƙon ba kwantawa yake yi a kan hanyar jini ba, cikin bangon jijiyar yake kutsawa, tamkar yadda rima ke shiga ginin ƙasa. Shekara da shekaru yana taruwa a ƙarƙashin yaɓe, bango na kumbura, hanya na ƙuntata, mai gida bai san abin da ake ciki ba domin babu ciwo babu zazzaɓi. Ranar da yaɓen ya tsage, sai jini ya daskare a wurin nan take ya toshe hanyar. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda har yanzu wasunmu ke cewa iska ce ta buge mutum a bayan gida. Abin da ke cikin bango kuwa ba a wanke shi da ruwan sassaƙe.

Tun 1913 wani likitan Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye wannan maiƙo a birnin Santa Fitasbag, ya ga jijiyoyinsu sun lalace kamar na tsofaffin mutane. Abokan aikinsa suka ce ai zomo ciyawa yake ci, me ya haɗa shi da ɗan Adam? Aka yi watsi da maganar shekaru da dama. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka fara bin diddigin lafiyar mutanen wani gari mai suna Framingham a Amurka tun daga 1948, aka ga cewa lalle masu yawan maiƙon su suka fi kamuwa da ciwon zuciya.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikinka ba daga kwano ya zo ba, jikinka ne ke ƙera shi, musamman hanta. Shi ya sa za ka ga mutum siriri kamar sillen kara, ba ya cin cicinga sai da Sallah, amma awo ya nuna nasa ya yi sama, alhali wani mai tumbi nasa daidai. Hanta na bin matakai wajen 30 kafin ta gama ƙera shi, kuma a farko-farkon matakan akwai wani sinadari guda wanda shi ne kamar mai gadin ƙofa: in ya buɗe aiki ya yi sauri, in ya rufe aiki ya tsaya. Masana sun riga sun san da shi, har an ba Konrad Bloch da Feodor Lynen kyautar Nobel a 1964 saboda bayanin waɗannan matakai. Abin da ba a samu ba shi ne abin da zai riƙe hannun mai gadin.

Tunanin Endo tunanin ɗan ƙauye ne wanda ya san daji. Ya ce funfuna ba ta da ƙafar gudu, ba ta da ƙaho, da guba take kare kanta daga ƙananan halittun da ke gasa da ita, kamar yadda fenisilin ya nuna. Wasu daga cikin abokan gabar nan nata ba sa girma sai da irin wannan maiƙo. Ashe kuwa ba mamaki a sami wata funfuna wadda makaminta shi ne hana abokin gaba ƙera maiƙon. In an same ta, an sami magani.

Ya fara nema a 1971, shi da 'yan abokan aiki ƙalilan. Za su shuka funfuna a cikin romo, su tace ruwanta, su zuba a kan abin da suka tatso daga hantar ɓera, su duba ko ƙerar maiƙo ta tsaya. In ba ta tsaya ba, a zubar a ɗauko wata. Cikin shekara biyu sun gwada iri fiye da 6,000. Ɗalibaina, ku ɗauki alli ku raba: ya kama wajen takwas kowace rana, ba Asabar ba Lahadi, kuma kusan dukkansu amsar ita ce babu. Ni wannan wuri ne ya fi burge ni a duk labarin, fiye da ranar nasara, domin na san yadda rai ke yi idan mutum ya duba littattafan yara arba'in bai sami amsa ɗaya daidai ba, balle dubu shida.

Bayan kamar shekara guda sai suka yi kamu. Wani sinadari mai suna sitirinin ya riƙe mai gadin nan gam. Murna ba ta daɗe ba, domin da aka ba dabbobi sai aka ga yana lalata ƙoda. Aka ajiye shi. Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kansa. A 1973 kuma sai ga na biyu, daga wata funfuna mai launin shuɗi-kore da ake kira Penicillium citrinum, wadda aka samo a jikin shinkafar wani shagon hatsi a birnin Kiyoto. Sinadarin da suka fitar daga cikinta shi aka sani daga baya da suna kompaktin, kuma shi ne na farko a dangin magungunan da ake kira sitatin.

Da labarin tatsuniya ne da nan za a ce ƙurunƙus. Amma wahalar ma a nan ta fara. Ka'idar kamfani ita ce a gwada sabon magani a kan ɓeraye. Aka ba ɓeraye kompaktin, aka auna jininsu, ko gezau. A can Ingila ma masu bincike na kamfanin Beecham sun ci karo da wannan sinadari, su ma suka ba ɓeraye, ba su ga komai ba, suka tattara suka bar shi. Endo bai bari ba. Ya shafe wajen shekara biyu yana tambayar abin da ya sa, har ya gane cewa laifin ba na maganin ba ne, na ɗan jarrabawar ne. Hantar ɓera, da zarar an riƙe mata mai gadi ɗaya, sai ta ƙero wasu masu gadin ninkin-ba-ninkin, aiki ya koma yadda yake. Bugu da ƙari jinin ɓera ba shi da LDL mai yawa tun asali, to me za a rage?

Sai aka yi dace. Wani abokin aikinsa a kamfanin yana da kaji masu ƙwai da ya gama wani gwaji da su. Endo ya yi lissafi cewa kazar da ke zuba ƙwai kullum dole jininta ya cika da wannan maiƙo, tun da gwaiduwa cike take da shi. Ya roƙi kajin, aka ba shi. Wannan a 1976 ne. Cikin wata guda maiƙon jininsu ya ragu da rabi. Aka gwada a karnuka, ya yi. Aka gwada a birai, ya yi. Da an tsaya a hukuncin ɓera, da an binne maganin da ya fi kowane tasiri a kan wannan cuta. Mu malaman makaranta ya kamata wannan ya sa mu yi tunani a kan yadda muke yanke wa yaro hukunci da jarrabawa guda, amma wannan zance ne na wata rana.

Mutum na farko da aka ba maganin wata budurwa ce 'yar shekara 18, a 1978, a hannun Dakta Akira Yamamoto na asibitin Jami'ar Osaka, a zamanin da dokokin gwajin magani ba su kai na yau tsanani ba. Ita gadon cutar ta yi daga uwa da uba, maiƙon jininta ya kai wajen 1,000 a ma'aunin da ake son lafiyayye ya kasance ƙasa da 200. Da farko an ba ta da yawa, naman jikinta ya yi rauni, aka tsayar, ta warware, aka koma da kaɗan. Sauran marasa lafiyar da aka ba daga baya maiƙonsu ya sauka da kusan kashi 30 cikin 100. A wannan tsakani Endo ya aika wa wasu masana biyu na birnin Dalas a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, samfurin maganin. Su ne suka gano cewa hanta na da wasu 'yan ƙugiyoyi da take kamo LDL daga cikin jini da su, kuma masu cutar gado ƙugiyoyin ne suka yi musu ƙaranci ko babu sam. Aikinsu ne ya bayyana sirrin sitatin: idan aka hana hanta ƙera nata maiƙon, sai ta ƙara yawan ƙugiyoyi ta riƙa janyo wanda ke yawo a jini. An ba su Nobel a 1985.

A 1980 sai Sankyo ya dakatar da gwajin kwatsam. Labari ya bazu cewa karnukan da aka daɗe ana ba maganin sun sami wata illa a hanji, alhali abin da aka ɗura musu ya ninka na mutum kusan sau 200. Kamfanin bai buga cikakken sakamakon ba, tsoro kuwa ya kama kowa. Kamfanin Merck na Amurka, wanda ya riga ya karɓi samfuri da bayanai daga Sankyo tun 1976, kuma masanansa suka fitar da nasu sinadarin daga wata funfuna dabam, shi ma ya tsayar da nasa gwajin. Likitocin da ke kallon masu cutar gado suna mutuwa da ƙuruciya su suka matsa aka koma. A 1987 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na Merck, mai suna lovastatin, ya zama sitatin na farko da ya shiga kasuwa. Kompaktin kansa bai taɓa shiga kanti ba, sai dai Sankyo ya fitar da wani daga jikinsa, pravastatin, a 1989.

Duk da haka akwai manyan likitocin da suka ce rage lamba a takardar awo dabam, tsawaita rai dabam. Gardamar ba ta mutu ba sai 1994, da aka buga sakamakon wani gwaji na ƙasashen arewacin Turai a kan mutum 4,444 masu ciwon zuciya. An raba su biyu, rabi ana ba su simvastatin, rabi ana ba su ƙwayar da ba magani a ciki, aka bi su fiye da shekara biyar. Mace-mace a cikin masu shan maganin ya ragu da kashi 30 cikin 100. Watau daga ranar da Endo ya fara shuka funfuna zuwa ranar da aka tabbatar abin na ceton rai, shekara 23 ke nan.

Shi kuwa gogan tuni ya bar kamfani. Tun 1979 ya koma koyarwa a Jami'ar Aikin Gona da Fasaha ta Tokiyo, inda a shekarar ya sake fitar da wani sitatin daga wata jar funfuna, wanda aka tarar ashe shi ne dai lovastatin. Kamfanoni sun tara dukiya mai ban tsoro da waɗannan magunguna, har ɗaya daga cikinsu, Lipitor, ya yi shekaru yana kan gaba a ciniki a duk duniya. Endo bai sami kaso daga ribar ba. An dai karrama shi da Kyautar Japan a 2006 da kyautar Lasker ta Amurka a 2008. Nobel kuwa ba ta zo ba har ya rasu ranar 5 ga Yuni 2024 yana da shekara 90. Ni a ganina an yi masa ƙwange, tun da Fleming da ya yi koyi da shi an ba shi.

To, mu ina ruwanmu? Da can muna cewa wannan cutar Turawa ce da masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ne. Kusa da gida kuma, akwai wani babban bincike mai suna SIREN da likitocin Gana da Nijeriya suka yi tare, a asibitocin da suka haɗa da na Ankara da Kumasi da Ibadan da Kano da Zariya, aka buga shi a 2018. Sun gwama mutum fiye da 2,000 da ɓarin jikinsu ya shanye da wasu lafiyayyu sa'o'insu. Abin da ya fito kan gaba, da rata mai nisa, shi ne hawan jini. Mai bi masa shi ne rikicewar maiƙon jini. A jerin akwai kuma yawan cin nama, da tumbi, da ciwon sukari, da rashin cin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Don haka kada wani ya karanta wannan shafi ya ce sitatin ne maganin komai. Wanda jininsa ke hawa bai kula ba, ko buhun sitatin ya sha yana cikin haɗari.

Yanzu bari in koma kan sitirinin da na ce ku riƙe. Irin funfunar nan da ta ba da kompaktin, an san ta da fitar da sitirinin mai kashe ƙoda, daga sunanta ma aka raɗa masa suna. Magani da guba a gida ɗaya suke kwana, kuma ido ba ya raba su, harshe ba ya raba su, sai awo. Wannan shi ne bambancin Endo da mutumin da ke shigowa mota a tashar Kejetia ko ta Nima da kwalba a hannu, yana rantsuwa cewa ruwan da ke ciki na wanke kitse da hawan jini da basir da sanyin mata duk a lokaci guda, wai ai daga itace aka yi shi, ba ya illa. Ban ce babu magani a itatuwanmu ba. Labarin Endo ma shaida ne cewa akwai shi har a abin da muke zubarwa. Tambayata ga mai kwalba ita ce, ɓeraye nawa, kaji nawa, karnuka nawa? Wa ya duba ƙodar waɗanda suka sha bara? Ko a Japan ɗin kanta, a watan Maris na 2024, an janye wasu ƙwayoyin ƙarin abinci da aka yi da shinkafa mai jar funfuna, waɗanda ake sayarwa don rage maiƙon jini ba da takardar likita ba, bayan da mutane da yawa suka kwanta asibiti da ciwon ƙoda, wasu suka rasa rayukansu. In haka ta faru a ƙasar da ke da tsananin sa ido, ina ga kwalbar da ba ko suna a jikinta? Haka nan kada wani ya ce Malam ya ce funfuna magani ce ya ƙi zubar da masara ko gyaɗar da ta yi funfuna. Wannan tana ɗauke da gubar da ke jawo kansar hanta.

Ɗaya matsalar kuma tamu ce, ba ta masu talla ba. Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kwana uku an gama. Sai likita ya rubuta wa Alhaji sitatin, ya sha wata guda, ya ce ai shi bai ji wani canji ba, ko kuma ya sake awo ya ga lamba ta sauka ya ce ya warke, ya ajiye. Ba zai ji canji ba, domin tun farko ba ya jin ciwon. Kuma maganin riƙe hannun mai gadi kawai yake yi, ranar da aka saki hannun, cikin 'yan makonni hanta ta koma aikinta. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki irin ta toshewar jijiya, da mai ciwon sukari da ya manyanta, su ne suka fi cin moriyarsa, kuma su ne ajiyewar ta fi yi wa haɗari. Wanda ya ji ciwon naman jiki ko kasala bayan ya fara sha, abin da ya kamata ya koma wurin likita a rage ko a canza masa wani, ba ya yi shiru ya daina ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata. Masu tambaya game da azumi kuwa, sau ɗaya ake sha a yini, kuma simvastatin dama da dare aka fi son a sha shi saboda da dare hanta ta fi ƙera maiƙon, don haka Ramadan ba ya hana.

Batun abinci ba zan tsawaita ba, kowa ya san inda yake yi wa kansa ɓarna. Man ja da man shanu da kitsen rago da man suyar da aka maimaita sau biyar suna tunzura hanta, wake da ganye da kifi da gero kuwa suna taimako, kuma duk muna da su a kasuwa. Amma akwai gidajen da abinci ba shi ne matsalarsu ba. Kusan mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 yana gadon yawan maiƙon nan daga ɗaya cikin iyayensa. In a danginku an yi maza biyu ko uku da suka yanke jiki suka faɗi kafin su kai hamsin, ko kuwa kana ganin wasu ƙulli masu tauri a agararka ko a bayan yatsunka, ko wani rawaya-rawaya a fatar idonka, kada ka tsaya neman wanda ya yi wa gidanku asiri. Ka je asibiti ka ce a auna maka maiƙon jini, ka tafi da 'yan'uwanka da kuke ciki ɗaya da manyan 'ya'yanka. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Wasu ɗakunan awo sukan ce ka zo da safe ba ka karya ba, saboda haka ka tambaya tun jajibiri, kuma in ka je ka sa a auna maka hawan jini da sukari gaba ɗaya kafin ka bar wurin.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.